Bango Ruwan Toka

Ranar da Zubair ya fara shiga shagonta a Dutsin-Ma, Sumayya ko kai ba ta ɗaga ba. Saura kwana huɗu Sallah, bayanta ya riƙe, idonta ya gaji da jan yadi mai ratsin gwal, don duk matar da ta zo ɗinkin labule shi take nunawa. Ya yi sallama, ya ajiye wata igiyar rama mai ƙulli uku a kan keken ɗinkinta.

"Wannan fa, Malam?"

"Awon tagar mahaifiyata ne. Ƙullin farko faɗi, na biyu tsawo."

"Na ukun fa?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi na manta."

Dariya ta kuɓuce mata, rabonta da ita tun safe. Sai a lokacin ta dube shi. Malamin gona ne a Kurfi, dogo, mai sanyin magana. Labule ɗaya ya kawo shi, amma sai da ya yi sawu biyar, kullum da sabon dalili. Kafin damina ta zagayo manya sun shiga maganar, an sa rana.

Kowa ya san yadda ake yi: ango ya gyara ɗaki ya yi fenti, dangin amarya su zuba kaya. Da ginin gidan Zubair ya kammala, sai ga saƙonsa.

"Mai labulena, falo ya ƙare, ga hotuna. Wane fenti ranki yake so? Ko ruwan kabewa kika ce, shi zan yi."

Ta daɗe riƙe da wayar kafin ta rubuta.

"Yaya Zubair, shekara shida ina ɗinka wa mutane ja da gwal, sun fita raina. Ina son bango ruwan toka mai haske, labule fari, filon kujera shuɗi. Amma don girman Allah kada kowa ya ji daga bakina ya fito. Ka san Inno."

Ya kuwa san ta. Inno, mahaifiyar Sumayya, 'yar gidan malamai ce. A wurinta budurwar da ta sa baki a ɗakin da ba a kai ta ba ta zubar da kunyar gidansu, ba sauran bayani.

Zubair ya yi fentinsa shafi biyu, sumul. Sai ranar ganin ɗaki ta zo. Gwaggo Yahanasu, ƙanwar mahaifin Sumayya, ita ta jagoranci mata zuwa Kurfi don auno inda kujeru za su zauna. Tun daga zaure aka jiyo dawowarta.

"Inno, kaico! An raina mu. Yaron nan ko fenti bai yi ba, siminti ne zalla kamar ɗakin ajiye taki!"

"Kin duba da kyau kuwa?"

"Da idona fa! Na ce, Zubairu ina fentin? Wai, Gwaggo ai shi ne wannan. Ji rainin hankali! Na ce wa ya ba ka wannan shawara? Ya ce shi kaɗai ne. Ga Ashafa ɗan ƙawata can, kala uku ne a falonsa, tun bara yake aiko ni neman auren Sumayya."

Sumayya na bakin murhu, ludayi a hannu, tana jin komai.

"A dakata da maganar," in ji Inno. "Wanda ya raina ɗaki, ya raina mai shiga cikinsa."

Sati uku aka yi a haka, kuma wallahi sati ukun nan sun fi shekara nauyi. Sumayya ta je shago ta dawo, ta taka keke har ƙafarta ta kumbura, abinci ba ya shiga. Sau nawa ta buɗe baki gaban Inno, kunya ta danne maganar. A Kurfi kuwa Zubair ya zama abin zolaya, abokansa ma Ango Siminti suke kiransa. Amma kullum da safe sai saƙonsa ya shigo.

"Mai labulena, ki ci abinci. Zagi ba ya ƙari. Alƙawari na ɗauka, ba zan ambaci sunanki ba."

Wannan saƙon ne ya karya ta. Ranar wata Laraba bayan la'asar ta tarar da Inno tana tsintar shinkafa a faifai. Ta durƙusa, ta karanta mata saƙonnin duka, nata da nasa.

Inno ba ta daina tsintar ba sai da ta kai ƙarshen faifan.

"Ashe ke ce marar kunyar."

"Ni ce, Inno. Ki yafe mini."

"Sati uku ana jan sunansa a ƙasa daga nan har Kurfi, bai ce ke ce ba?"

"Bai ce ba."

Inno ta yi ajiyar zuciya. "To wannan, ko me kika yi a gidansa ba zan ji shi a bakin duniya ba. Tashi ki ba ni wuri. Ki kira mini Gwaggonki."

Aka ɗaura aure ranar Asabar. Gwaggo ta dawo daga jere tana ta yabon ɗaki, Sumayya ta ɗauka haƙura ta yi. Da rana tsaka aka kai amarya Kurfi, aka yi guɗa, aka yi nasiha, mata suka watse. Sai da falon ya yi shiru ta ɗaga mayafinta.

Innalillahi! Bango ruwan ƙwai ne, har yana ɗaukar ido. Ga farin labulenta a rataye, ga shuɗin filo a kan kujeru, kowanne na harara ɗan'uwansa.

Zubair ya shigo da sallama, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai laifi.

"Kwana biyu kafin ki yi wa Inno magana na sake fentin. Na je na tambayi Gwaggo kalar da take so. Tsoro na ji kada in rasa ki a kan bango. Amma jibi zan mayar miki da tokarki."

Ta dube shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, gajiya ce kawai a fuskarsa. Tausayinsa ya cika mata ƙirji.

"Kul, Yaya Zubair. Ka sake taɓa buroshi a gidan nan sai mun ɓata."

"Abokaina fa? Sun ce daga siminti na koma gwaiduwa."

"Ka turo mini su," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Duk wanda ya tambayi wa ya zaɓi kalar nan, zan ce ni ce."

Ya zauna a gefenta, suka yi dariyar gajiya su biyu. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya sa kowannensu ya zama sutura ga ɗan'uwansa har tsufa.