Maɗinkin da Ya Ƙi Sauka Daga Jaki

A can wani zamani, an yi wani maɗinki wanda kullum yake duƙe a kan ɗinkinsa, tun hantsi har faɗuwar rana. Ko ruwan sha ma sai an miƙo masa.

Wata rana aka aiko cewa mahaifiyarsa tana kwance rai a hannun Allah a wani gari mai nisa, tana ta kiran sunansa. Ya hau jaki, yayarsa kuwa ta bi shi da ƙafa.

A zangon farko ta ce, "Ƙanena, sauko ka miƙe bayanka, ka ɗan taka."

Ya ce, "Yaya, mai jaki ba ya wahalar da ƙafarsa."

A zango na gaba ta sake cewa, "Sauko ka miƙe bayanka." Ya ba ta amsar da ya saba, ya ƙara duƙewa a wuyan jakin.

Suna hango ganuwar garin, sai jakin ya yi tuntuɓe ya karye, ya kayar da maɗinkin. Maɗinki ya yunƙura zai tashi, amma bayansa ya riƙe, ƙafafunsa suka sage kamar ba nasa ba. Yayar ta yi ta jansa, ta kasa.

Ya ce, "Je ki, ki ce wa Inna ina tafe."

Ya biyo ta da rarrafe, ƙaya tana sukar tafin hannunsa. Da ya kai ƙofar gida, sai ya tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta.

Yayarsa ta fito ta dube shi a ƙasa, ta ce, "Har ta cika, idonta yana kan ƙofa."