Haƙarƙarin da Ba na Babandi Ba

Dab da magariba, a daminar 1987, Dakta Terhemba ya leƙa ɗakin hoto don ya duba hoton ƙirjin mara lafiya na ƙarshe kafin ya tafi gida. Ƙaramin asibiti ne a bayan garin Lafia, kan hanyar Doma. Mara lafiyar wani manomin doya ne daga Arikya, sunansa Babandi. Tari ya kama shi tun da ya share sabuwar gona a bakin rafi. Yana zaune a bencin baranda, a sunkuye kamar mai ɗauke da buhu.

Rekiya, mai ɗaukar hoton, ta maƙala fim ɗin a akwatin fitilar da ake duba hoto. Da sauran danshi a jikinsa, yana warin sinadari.

Likita ya bi shi yadda ya saba. Suna daidai. Alamar da ke nuna gefen dama tana dama. Bututun iska a miƙe a tsakiya. Zuciya ba ta wuce rabin faɗin ƙirji ba. Huhu baƙi wuluk, yadda iska ke fitowa a hoto, babu farin tabon tarin tibi, babu ruwa kwance a ƙasa. Sai ya ɗora yatsa yana ƙirga haƙarƙari.

Ƙirgen ya ƙi ƙarewa.

Tsakanin kowane ƙashi biyu akwai wani, siriri, ya lanƙwasa sama maimakon ƙasa.

"Sista, mutum biyu kika ɗauka a fim ɗaya."

"Likita, sabo na ɓare. Shi kaɗai ya tsaya."

"Ki sake."

Ta kira Babandi, bai motsa ba.

"Ku bar hoton nan," ya ce, kansa a ƙasa. "Ba ya so."

"Wane ne ba ya so?" in ji likita a fusace. "Baba, tashi. Ba ni da lokacin wasa."

Ya ja shi ciki da kansa. Hannun tsohon sanyi ƙalau, jikinsa kuwa nauyin ƙato biyu.

Da fim na biyu ya fito, Rekiya ta maƙala ta ja da baya. Siraran haƙarƙarin nan sun ƙara fitowa fari tas. A kan ƙasusuwan wuya, dama da hagu, ga dogayen yatsu sun riƙe gam. Can sama da kafaɗar hagu, a gefen fim, ga muƙamuƙi da haƙora. Ba bango suke fuskanta ba, yadda Babandi ya tsaya. Mai duba hoton suke fuskanta.

Janareta ya yi tari ya mutu.

Akwatin fitilar bai mutu ba.

Kwaɗin waje suka yi tsit. Warin lakar rafi da ruɓaɓɓen ganye ya cika ɗakin.

"Wa ya ba ka izinin leƙa ni?"

Babandi ne a bakin ƙofa. Daga wajensa muryar ta fito, amma leɓensa a rufe yake.

"Shi wannan, gidana ya sare. Kai me na yi maka?"

A cikin fim ɗin, siraran ƙasusuwan suka buɗe. Suka rufe. Suna numfashi.

Likita ya ji abu ya faɗo masa a baya.

Yatsu masu sanyi suka zagaye wuyansa.

Ya buɗe baki. Iska ta ƙi shiga.

Rekiya ta fizge fim ɗin ta yar, tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ta damƙi rigar likita ta ja. Suka ture benci, suka zube cikin taɓon tsakar asibiti. Daga nesa ladan ya ɗaga murya. Sai a lokacin numfashinsa ya dawo, da zafi kamar ya haɗiyi barkono.

Babandi ya fito bayansu a miƙe sambal. Ko kallonsu bai yi ba, ya kama hanya. Daga baya mutanen Arikya suka ce tarinsa ya warke.

Da kaka ta shigo, Dakta Terhemba ya fara tari. Ya sha magani, ya ƙi ji. Wata safiya ya cire riga ya tsaya gaban na'urar ɗaukar hoton, ya ce Rekiya ta ɗauka.

Ta daɗe a ɗakin wanke fim. Ta fito hannu wayam.

"Fim ɗin ya ƙone, Likita."

"To ɗauko wani."

Ba fuskarsa take kallo ba, saman kafaɗarsa take kallo. Ta fita da baya da baya, kuma ba ta ƙara taka asibitin ba.