Tsatsar Kwamanda

Ranar da ya fara ganinta, tsugune take a bayan garejinsu tana tonon shara da tsinke.

"Malama, me ya ɓace miki?"

Ba ta ɗago ba. "Waya nake nema, siririya, ta cikin tsohuwar mota."

"Ki yi me da ita?"

"Igiyar jan tankar yaƙi."

Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sai ta miƙe, ta buɗe jaka, ta fito da 'yar tanka da ba ta wuce tafin hannu ba. Gunduwa-gunduwa ake sayar da irinta a kwali, mutum ya haɗa da gam. Amma kayan da ke jikinta ba a kwali suka zo ba. Bokitin daga murfin biro ta yanko shi, tamfol ɗin tishu ne da ta jiƙa da gam, jarkokin kuwa da reza ta sassaƙa su. Nan take ya daina dariya.

"Allah ya huci zuciyarki, Kwamanda."

Sunan ya bi ta. Ita kuma Mai Fenti take ce masa, don fentin mota ne sana'arsa. Kullum sai ya tara mata guntayen waya da ɓallin gwangwani, ta zo karɓa, hira ta yi tsawo.

A gidan su Kwamanda kuwa Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Dama mutum ne mai fargaba, ko yayyafi aka yi sai ya zagaya ɗakuna yana duba rufi.

"Sa'anninki duk suna ɗakin miji, ke kina nan kina ƙera makamai. Wa zai ɗauki mace yatsunta duk gam?"

Ɗan abokinsa yake so mata, wani mai kemis. Da mai kemis ɗin ya zo gaisuwa ya hango teburinta, sai ya yi murmushi.

"Kada ka damu, Baba, ƙuruciya ce. Ranar da ta shiga gidana, yaran maƙwabta za mu rabawa."

"Ka fara raba musu maganin shagonka tukuna," in ji ta.

Baba ya dafe kai. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Kwamanda ta zauna ta haɗa wa Mai Fenti tanka tasa ta kansa. Ta yi mata taɓo a ƙafafu, ta zana tsatsa tana gangarowa daga kowace ƙusa, ta lanƙwasa bokitin kamar soja ya taka shi. Sai da idonta ya yi ja kafin ta gama, ta aika masa da ita.

Washegari saƙonsa ya shigo, da hoto.

"Kwamandata, na ga tankar ta yi datti, tsatsa ma ta kama ta. Na wanke, na goge, na fesa mata sabon fenti. Har bokitin na miƙe miki. Dubi yadda take ƙyalli!"

Ta kalli hoton. Tankar tana sheƙi kamar motar amarya. Ta rubuta masa:

"Ashe kai ma irinsu ne. Kowa so yake ya goge ni ya fesa mini fenti. Kada ka sake kirana."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ta daina bi ta layin garejin, ko da kuwa zagaye zai kai ta.

Ran nan Mama ta shigo da wata 'yar kwalba, ta ce wani ne ya bayar a ƙofa. Jan gari ne a ciki, lukui. Tsatsa ce ta gaske, an kankaro daga tsohuwar mota an niƙe. Sai ga saƙo:

"Ni kashe tsatsa na koya, ban san akwai mai rainonta ba. Jahilci ne ba raini ba. Ki koya mini, ranki ya daɗe."

Ta so ta ci gaba da fushi, murmushi ya ci amanarta.

"Sai ka mayar da kowane ɗigo da hannunka."

"Ko shekara zan yi, Kwamanda."

Da ya zo gaban Baba neman aurenta, tana laɓe a bayan labule. Baba ya gyara zama.

"Yaro, ba ni da matsala da sana'arka. Abu ɗaya nake so. Ka yi mini alkawari za ka raba ta da wannan shirmen, in ba ka ita."

Ta san "to" ɗaya ta isa a gama magana.

"Baba, ka gafarce ni, ba zan iya ba. Na taɓa goge mata aiki sau ɗaya, ba zan ƙara ba."

"To, tashi ka ba ni wuri."

Ta yaye labulen. "Baba, ko ya yi alkawarin, ni ban yi ba."

"Kin gani ko?" Muryar Baba ta karye. "Ke ba ki san abin da ke hana ni barci ba. Tsoro nake wata rana ya gaji, ya dawo mini da ke da kwalayenki."

Mama ce ta yi magana daga bakin ƙofa. "Malam, wancan mai kemis ɗin tun ba ka tambaya ba ya ce maka to. Wannan kuwa ga shi zai rasa ta, amma ya ƙi yi maka ƙarya. Wanne ne zai dawo maka da ita?"

Baba ya dubi Mai Fenti. Ya ce, "Zauna, yaro. Wa ya ce ka tashi?"

Ranar da aka kai amarya, an loda gado da kujeru a mota, amma kwalin tankokinta Baba ya hana kowa taɓawa. Shi ya zauna a gaba ya rungume shi a cinya, duk ramin da aka shiga sai ya daka wa direba tsawa.

"A hankali mana! Ka san wahalar da ta sha a kan bokitin nan?"

A ƙofar sabon gida ya miƙa wa ango kwalin da hannu biyu.

"Ga su, ga ta. Kada in ji ko ɗaya ta karye. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," suka ce tare.