Allon Makarantar Auta

Yammacin da abin ya fara, babu wanda zai ce ya bambanta da na jiya. Lokacin kaka ne, an fara shigo da sabon gero cikin Daura. Kulu tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, 'yarta Murjanatu tana kora kaji akurki, shi kuwa maigidan, Malam Abdulmuhaimin, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya kafa kujera a tsakar gida yana kallon wani allon kwano da mai fenti ya kawo aka jingine da bango. An rubuta a jikinsa da koren fenti: MAKARANTAR MALAM AUTA. Kallon allon yake yi, haushi na cin sa.

Ladan ya ɗaga murya da kiran sallar magariba ke nan sai aka ji ƙwal! Tsakuwa ta sauka a kan allon. Kafin maigidan ya juya wata ta biyo baya. Ya zari takalmi ya fita yana sababi, yana cewa yau zai koya wa 'ya'yan unguwa hankali. Ya duba lungun gabas, ya duba na yamma, ko akuya bai gani ba. Da ya dawo ya tarar Kulu ta saki muciya a cikin tukunya, ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Malam," ta ce da ƙaramar murya, "ba daga waje ake jifan nan ba."

Makarantar Auta wani tsohon zaure ne da ke manne da gidan, inda 'ya'yan unguwar suke karatun allo tun kafin zuwan Turawa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, kowa ya tashi da himmar gyaran addini, sai kwamitin unguwa, ƙarƙashin Alhaji Kabo, ya yanke shawarar a rushe ginin ƙasar a yi azuzuwan bulo, a mai da ita Islamiyya. Suka ɗora wa Malam Abdulmuhaimin nauyin kawo tarihin wanda ya kafa ta a ranar buɗewa, tun da dai jininsa ne: Abdulmuhaimin ɗan Usman, Usman ɗan Sada, Sada ɗan Auta. Ya karɓa hannu bibbiyu, har yana cewa ai wannan aikin mako guda ne.

Mako guda ya zama shekara da ɗoriya. Ya ɗaure rikoda a bayan tsohon babur ɗinsa, babu inda bai taka ba. A Mashi wani tsoho ya rantse masa Malam Auta Babarbare ne, dogo mai gemu har ƙirji. A Babban Mutum aka ce sam, Bafillace ne gajere, a hanyar Makka ya rasu. A Mai'adua wani ya cinye masa goro ya ɓige da labarin shekarar fara. Kowane tsoho da nasa Autan, kuma babu mai nuna kabari ko ya faɗi sunan uba. Haƙa ba ta cim ma ruwa ba, ga gini ya kusa ƙarewa. A gida kuwa zancen gizo ba ya wuce ƙoƙi, har Kulu ta daina tambayarsa ya hanya, don ta san amsar ba za ta wuce tsaki ba.

A cikin wannan yawo ne gwaggonsa Shatu, yayar mahaifinsa, ta rasu da damina. Tsohuwa ce tukuf, tana zaune a wani ɗan ɗaki da ke bayan zauren. Kullum zai fita sai ya leƙa ya ce, "Gwaggo, an tashi lafiya?" ya wuce tun ba ta gama amsawa ba. Ya san tsufa ya fara taɓa ta, don ko Murjanatu ba ta kiranta da suna, sai dai ta ce "takwarar Iya", alhali kowa a gidan Auta yake ce wa yarinyar, da yake ita ce ta ƙarshe. Bayan sadakar arba'in magina suka rushe ɗakin, aka jibge buhunan siminti a gurbinsa.

Jifan bai tsaya a rana ɗaya ba. Da zarar rana ta yi ja, tsuntsaye suka yi shiru a kan darbejiya, sai gidan ya yi nauyi, kowa ya riƙa magana ƙasa-ƙasa ba tare da an ce ya yi ba. Daga nan sai tsakuwa. Ba ta taɓa samun mutum ba, ba ta fasa ko ƙwarya ba, allon kawai take nema, kuma wuri ɗaya take samu, ɗan filin da ke tsakanin MALAM da AUTA, har fentin wurin ya ɓare. Ya mai da allon zaure, jifa ya bi shi. Ya kifa shi a ƙasa, da safe ya tarar da shi a jingine.

Sai kuma muryoyi. Daga gurbin ɗakin Gwaggo Shatu suke tasowa, muryoyin mata da yawa suna bin karatu, a hankali, da irin jan nan na mutanen da. In an matsa kusa su yi tsit, in an juya baya su ci gaba. Kulu ta yi kuka ta ce a kira malami, ya ce shi bai ga abin kiran malami ba, iska ce ke shiga tsakanin buhuna. Gaskiyar magana tsoro yake ji kamar kowa, amma haushi ya fi tsoron yawa: ya bi mutane ya rasa amsa, ga shi abin da ba mutum ba ya zo yana yi masa wasa da allo.

Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Murjanatu, budurwa mai fara'a da ke shirin shiga kwalejin horar da malamai, ta fara rama. Ta daina cin abinci. Almuru na yi sai ta je gaban allon ta durƙusa, ta sa farce tana ƙarzar wurin da ya ɓare har yatsanta ya yi jini. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Ranar da ubanta ya kama hannunta zai ɗaga ta, sai ta ɗago kai ta dube shi da idon da ba nata ba, ta ce da muryar tsohuwa, "Sake ni, jikan Sada." Ta yanke jiki ta faɗi.

Washegari da kansa ya hau babur ya ɗauko Malam Kalilu daga Mai'adua, masanin ruƙiyya, mutum marar yawan magana. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kulu ta riƙe kafaɗun 'yarta, Malam Kalilu ya yi alwala ya zauna ya fara karatu. Kafin ya fara ya ce wa maigidan, "Duk abin da za ka ji, kada ka tanka." Ya daɗe yana karantawa, inuwar bango tana tsawo, yarinyar tana kwance kamar ba rai. Sai can da hasken ya fara dishewa jikinta ya ɗauki rawa, ta toshe kunnuwa, ta saki wata ƙara da ta sa kaji suka rikice a akurki.

"Wane ne a jikin baiwar Allah?" in ji Malam Kalilu.

"Sassauta, Malam, kana ƙona ni," in ji muryar. "Yelwa ake ce mini."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka yin shahada."

"To me ya kai ki zalunci?"

"Ni aka fara zalunta. An rushe ɗakin Shatu, inda na yi karatu, na yi shiru, ɗaki ai ƙasa ne. Amma a liƙa wa malamata gemu? Wannan ba zan gani in ƙyale ba."

Malam Abdulmuhaimin bai san lokacin da ya zame daga kujera ya durƙusa a bakin tabarma ba. "Wace malama?" ya ce. Malam Kalilu ya ɗaga masa hannu, bai ko gani ba.

Bakin Murjanatu ya yi wata dariya busasshiya. "Ji shi, mai rikoda. Auta mace ce. Mijinta ya rasu Sada na goye, ita ta raine shi, shi ya sa gari ya san shi da Sada ɗan Auta. Da safe ta biya wa yara daga bayan asabari, da yamma mata su cika mata ɗaki. Ni ina bayan randa ina bin su. A garin Daurama kake, amma ko sau ɗaya zuciyarka ba ta ba ka mace ba ce."

"Daga ina ubanta ya zo? Ina aka binne ta?" in ji Malam Abdulmuhaimin.

"Tambayi Shatu."

"Ai Gwaggo ta rasu."

"Na sani, ina nan aka wanke ta. Ita ke jan sandar Auta bayan idonta ya mutu. Ta san uban, ta san garin, ta san kabarin. Tana zaune a bayan zaurenka kana wuce ta da babur."

"Ya isa!" Malam Kalilu ya daka tsawa. "Ba tarihi muka zo ɗauka ba. Ki fita daga jikin yarinyar nan."

"A mai da mini ɗakin, in fita."

"Ba a gindaya mana sharaɗi." Ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Yarinyar ta riƙa murƙususu, Kulu tana riƙe da ita tana hawaye.

"To a ba mata aji guda a sabon ginin!"

Malam Kalilu bai ko tsaya ba.

"Wayyo! To harafi ɗaya! Harafi ɗaya tak a allon nan, ban ƙara neman komai ba."

Nan ya dakata. "Babu alkawari tsakanina da ke. In Musulma ce ke kamar yadda kika ce, ki fita don tsoron Wanda ya halicce ki."

Muryar ta dawo a raunane. "Don Shi zan fita. Harafin kuwa na bar wa mai shi, shi ya san nauyinsa. Assalamu alaikum."

"Tsaya!" Malam Abdulmuhaimin ya kama hannun 'yarsa ya girgiza. "Sunan ubanta! Sunan kawai ki faɗa mini!"

Murjanatu ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Ta buɗe ido, idonta na gaskiya, ta dube shi a tsorace. "Baba, me na yi kake mini tsawa?"

Da ya raka Malam Kalilu ƙofar gida, malamin ya tsaya ya ce, "Ka yi wa Allah godiya da Ya dawo maka da 'yarka. Abin da ka ji kuwa, maganar aljani ba hujja ba ce, sun iya cakuɗa gaskiya da ƙarya. Kada ka ɗauke ta ka kai gaban jama'a." Ya tafi ya bar shi tsaye. Shekara da ɗoriya yana nema, amsa ta zo har tsakar gidansa, an kuma ce ba ta kamuwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ya koma ciki ya tarar Kulu tana ba yarinyar kunu a ludayi tana cewa, "Sannu Auta, ƙara kaɗan, Auta." Ya tsaya cak. Sunan da yake ji kullum ne, amma yau sai ya shige shi dabam.

"Kulu, wace ce Iya? Wadda Gwaggo ke cewa takwararta?"

"Kakarsu mana, wadda ta koya mata karatu. Ai ba ta faɗin sunanta, ka san mutanen da da kara. Ni na ɗauka Murjanatu ne sunan."

"Tun yaushe take kiranta haka?"

Kulu ta yi ɗan tunani. "Da tana ƙarama Murjanatu take ce mata. Sai da haihuwa ta tsaya mini, muka fara ce mata Auta, sannan Gwaggo ta..." Ba ta ƙarasa ba. Ludayin ya tsaya a hannunta, suka dubi juna.

Da gari ya waye ya je wurin mai fenti ya roƙi ragowar koren fenti a gwangwani. Mai fentin bai bar isasshen fili ba, dole sai a kan ɓararren wurin nan ya matse harafin, ya fito ɗan ƙarami a karkace, yana gogar na kusa da shi. Da magariba ta yi ya zauna a kujerarsa yana jira. Ladan ya kira salla ya gama, kaji suka shiga akurki, babu abin da ya faɗo.

Ranar da za a kafa allon, Alhaji Kabo ya tsaya gabansa ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa.

"MAKARANTAR MALAMA AUTA? Malam, wa ya ɓata mana allo?"

"Ni na gyara shi. Mace ce."

"Ikon Allah! To 'yar wane ne? Daga wane gari?"

"Ban sani ba, Alhaji. Kuma babu sauran mai sani."

"To wa ya gaya maka mace ce?"

Malam Abdulmuhaimin ya dubi wurin da buhunan siminti suke jibge.

"Gwaggo Shatu."

"Haba Malam, ai Gwaggo Shatu ta rasu tun damina."

"Tun tana raye ta faɗa," ya ce. "Kullum sai ta faɗa."