Kundin Malam Ɗantala

Jarkar ruwa ɗaya. Igiya. Ankwa biyu, ɗaya ba mabuɗi. Littafin rahoto da biro. Abin da ke bayan motar ke nan sa'ad da ta bar Talata Mafara ta kama hanyar Maradun, ran Juma'a da la'asar.

Kofur Thomas ke tuƙi. Sufeto Nasidi Hashimu na gefensa yana kallon ruwan dam. Can ƙarƙashin ruwan akwai Tudun Kalgo, garin da aka yanke masa cibi, da ganuwarsa da kasuwarsa da kabarin ubansa. Shekara goma sha tara ya yi tsakanin Kano da kudu, karatu sannan aiki. Watansa biyar da dawowa.

"Oga, mutanen nan ba za su yi mana magana ba," in ji Thomas.

"Na sani."

Kowa ya san dalili. Bara manoma suka tare hanyar dam saboda gonakinsu, aka kawo masu bindiga, aka yi harbi har cikin ƙauyuka. Nasidi ba ya nan a lokacin. Amma kaki iri ɗaya ne.

Sabon Tudun Kalgo na kan marmara, inda aka zube mutanen bayan ruwa ya ci garinsu. Maza na tsaye a ƙofar wani zaure. Suka amsa sallama, ba wanda ya ƙara komai. Mutum ɗaya ne ya taho da hannu a miƙe, cikin babbar riga: Alhaji Abdu Nagode, tsohon tafintan masu awon gona, yanzu ɗan kwangila, mai neman sarautar dagacin sabon garin. Shi ya aika da rahoton.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Ya hanya? Ya aiki? Ya muka ji da wannan rashi?"

"Sai haƙuri. Ina gawar?"

Malam Ɗantala na kwance kan buzunsa a zaure. Shekara arba'in ya yi yana magatakardan kotun alƙali a Mafara. Tun da ƙafarsa ta shanye ba ya zuwa Juma'a, don haka shi kaɗai ne namijin da ya rage a unguwar da rana. An buge shi a bayan kunne. Dutsen taimamarsa na gefe da jini a jiki.

Rediyo na nan. Agogonsa na hannunsa.

Nasidi ya ɗauki allon da ke jingine da bango. An wanke shi fes, bai gama bushewa ba. Ya duba ƙasa bai ga inda aka zubar da ruwan ba. Sai da ya ɗaga kai ya hango ƙwarya a saman katanga, an rufe ta da faifai. Ya sauko da ita. Baƙin ruwan tawada ne.

"Wa ya aje wannan a nan?"

Mazan da ke ƙofa suka kawar da kai.

"Ɗanasabe anka gani ya fito nan da hantsi," in ji Alhaji Abdu. "Manomi ne, mai zafin kai. Yana cikin waɗanda sunka tare hanya bara."

"Kai kana ina da azahar?"

"Masallacin Maradun. Sahun farko."

Aka tafi da gawar. Nasidi ya yi sallama a ƙofar cikin gida. Taibatu, 'yar mamacin, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da gafakar fata a rungume. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

"Kai ne ɗan Hashimu mai jimar fata," ta ce. "Har bakinka ya koma na Kanawa."

"Mene ne a cikin gafakar?"

"Kundi."

Ta buɗe. Takardu ne warwatse, rubutun ajami, na ƙasa sun yi ja don tsufa. Kakan ubanta ya fara. Tarihin Mafara ne da garuruwan kewaye: yaƙin da aka fasa ƙofar gabas, shekarar yunwa, gobarar kasuwa, zuwan Bature, ɓarayin shanun da aka kama da waɗanda suka tsere, wa ya gina wace rijiya. Na sama sabbi ne. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya.

"Mutanenmu da sunka mutu bara. Goma sha ɗaya. Na huɗu mijina ne. Ba inda anka rubuta su sai nan."

"An taɓa kundin yau?"

"Takarda ɗaya ta ɓata. Shekaranjiya ya sa na yanko mai sabuwa. A allo yake fara rubutu, sannan ya kwafe. In laifin mutum ne, ba ya sa takardar a gafaka sai ya kira mai laifin ya karanta mai, ya ji ta bakinshi. Aikin kotu ya koya mai haka. Yau ya ce in tafi rijiya, kar in yi saurin dawowa."

"Laifin wa ya rubuta?"

"Da na san sunan, da ba ku za a kira ba."

"Riƙe kundin a wurinki," in ji Nasidi. "Kada ki nuna wa kowa."

Suka tafi da Ɗanasabe a bayan mota. Ba wanda ya ce musu a sauka lafiya.

Washegari da safe shugaban ofishin 'yan sandan ya kira Nasidi.

"Na ji ka kama mutum. Madalla. Na kuma ji akwai wani kundi mai sunaye. Shaida ce. Ka kawo shi, za a aika sama."

"Ranka ya daɗe, ban gama bincike ba."

"Laraba. Mutumin ya tafi kotu, kundin ya zo teburin nan."

Nasidi ya sara masa ya fita. Ya san abin da aka aika sama ba ya saukowa. Ya kuma lura bai sa maganar kundi a rahotonsa ba, ga shi ta riga shi isowa ofis.

Ya sa aka fito da Ɗanasabe daga bayan kanta. Dogon mutum ne, duga-dugansa duk faso.

"Ka je gidan Malam jiya?"

"Ban je ba."

"Mutum uku sun gan ka."

"To idonsu ya fi nawa sanin inda nike."

Nasidi ya rubuta layi biyu na ajami a takarda, da ƙyar, don rabonsa da allo tun yana ɗan shekara goma. Ya miƙa masa.

"Karanta."

Ɗanasabe ya karɓa ya riƙe ta kai ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni Fatiha da ƙulhuwallahu da ka na riƙe su. Ko alif ban sani ba."

"Wanda ya kashe Malam ya karanta abin da ke allo, shi ya sa ya wanke. Ba kai ba ne. Amma ran Laraba kai za a kai kotu. Me ka je yi?"

Ɗanasabe ya ajiye takardar.

"Shaida na ba shi. Ran da anka shigo garinmu bara, akwai mutum a gaban mota, ya rufe fuska da rawani. Shi ka nuna gidaje. Wannan, wannan, wancan. Malam ya ce sai ya ji daga bakin wanda ya gani."

"Ka gane shi?"

"Yatsa na gani."

"Ka san mai yatsan."

"'Ya'yana shida. Kai kuma kaki gare ka. Mai yatsan yana nan, yatsan nashi bai guntule ba."

Aka mayar da shi bayan kanta.

Ran Lahadi Thomas ya je Maradun ya dawo. Ladan ya ce bai ga Alhaji Abdu a sahun farko ba, kuma mutum mai irin wannan turare ba ya ɓuya. Amma rashin zuwa masallaci ba kisan kai ba ne.

"Oga, takardar nan ta tafi," in ji Thomas. "In ni ne, ashana ɗaya ta isa."

Nasidi ya nuna ƙwaryar da ke kan kabad ɗinsa.

"Ka san dalilin da ya sa bai zubar da ruwan nan ba?"

"Sauri yake yi?"

"Mai sauri ƙasa yake watsawa. Duk rubutun Malam da Bisimilla yake farawa. A nan ba a zubar da ruwan allo inda ƙafa za ta taka. Tun muna yara ake dukanmu a kan haka. Gawa na gabansa, amma ya tsaya ya nemi ƙwarya, ya rufe, ya ɗora a sama. Mutumin da ya kasa zubar da ruwan zai iya yaga takardar?"

"To ina zai kai ta?"

"Inda ba za a taka ba, ba kuma za a karanta ba."

Ran Litinin Alhaji Abdu ya zo ofis da kwandon albasa, wai tsarabar gona. Ya zauna ya yi doguwar gaisuwa. Ya tambayi yaushe za a kai Ɗanasabe kotu, don hankalin gari ya kwanta. Ana zafi. Ya naɗe hannun rigarsa ya aza a kafaɗa. A damtsensa akwai tsofaffin layu biyu da gumi ya baƙanta. Ta uku sabuwa ce, jar fata, ɗinkin jan zare mai tufka biyu, ta ninka sauran kauri.

Nasidi ya gode, ya ce a mayar da albasar cikin motar Alhaji.

Ran Talata kasuwa ta cika. Nasidi ya sa farar riga ya bi layin dukawa yana tambayar wanda ke ɗinki da jan zare mai tufka biyu. Aka nuna masa Ɗanlami, mutumin Bakura.

"Ni na ɗinka," in ji Ɗanlami, bai ajiye basillarsa ba. "Ran Asabar ya same ni har gida. Na yi mamaki, ga dukawa cike da Mafara, mutum ya ƙona mai har Bakura. Takardar ninki takwas. Na ce Alhaji, wannan laya ce ko matashin kai? Bai yi dariya ba. Ya tsaya bisa kaina har na gama, wai kar in buɗe."

"Za ka faɗi haka gaban alƙali?"

"In dai ba ni za a rufe ba."

Suka sami Alhaji Abdu a rumfarsa ta sayar da taki, bayan azahar, yana jan carbi. Nasidi ya zauna kan buhu. Thomas ya tsaya a bakin rumfa.

"Alhaji, ina son in ga sabuwar layarka."

"Subhanallahi. Ana buɗe laya? Ai sai ta karye."

"In addu'a ce a ciki, ni zan biya a sake ɗinka ta, in kuma ba ka haƙuri gaban kasuwa."

"Sufeto, ka san da wa nike cin abinci?"

"Na sani. Kofur."

Thomas ya riƙe hannun. Nasidi ya yanke igiyar, ya farke ɗinkin da reza. Ya warware takardar ninki bayan ninki. Mutane sun fara taruwa. Ya karanta a hankali, yana tuntuɓe a kan haruffa.

"Bisimillahi. A shekarar da ruwa ya ci Tudun Kalgo, ran da aka shigo da bindigogi, wanda ya nuna gidajen mutane Abdu ne ɗan Nagode. Shaidu biyu sun gani. An kira shi ya ji, ya ce..."

Nasidi ya tsaya. Daga nan ba rubutu. Malam ya bar fili, rabin takarda fari fat.

Carbin ya faɗi daga hannun Alhaji Abdu.

"Cewa ya yi in faɗi tawa ya rubuta," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Na ce mai cewa anka yi kamu za a yi, ban san harbi za a yi ba. Ya ɗauki alƙalami zai rubuta hakan. Na ce ba rubutawa nike so ba, cirewa nike so. Na durƙusa mai. Ya ce sarakuna ma ba su sa kakanshi ya cire komi ba. Jikokina za su karanta wannan, Sufeto. Dutsen na kusa da hannuna. Sau ɗaya ne."

"Me ya hana ka ƙona takardar?"

Alhaji Abdu ya dube shi kamar ya yi tambayar wauta.

"Da sunan Allah a samanta."

Thomas ya sa masa ankwar mai mabuɗi. Suka ratsa kasuwa da shi. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi jifa. Mutane dai suka dare suna kallon hannunsa.

Da la'asar Nasidi ya sallami Ɗanasabe, ya kai shi gida da kansa. Ya yi sallama a ƙofar Taibatu, ya miƙa mata takarda. Ya kwafe rubutun Malam da mummunan ajaminsa, ya cike filin da abin da Alhaji ya faɗa.

"Ta ainihin za ta je kotu. Wannan ta kundi ce."

Ta karanta har ƙarshe. Ba ta yi godiya ba.

"An ce gobe za ka zo ka karɓe shi."

"Haka aka umarce ni."

Ta buɗe gafakar, ta zaro wata tsohuwar takarda ta juya masa ita. Ya bi layin da yatsa. Shekarar gobarar kasuwa, Nasidi ɗan Hashimu mai jima ya tafi boko. A ƙarƙashi Malam ya bar fili.

"Na iya haɗa tawada," ta ce. "Ni zan cike."

Nasidi ya koma mota. Thomas ya tayar da inji, bai saka giya ba.

"Oga, gobe Laraba. Za su iya cire maka tauraro, ko su jefa ka bakin iyaka."

"Za su iya."

"To me za mu kai tebur?"

Nasidi ya ja ƙofar motar ya rufe.

"Dutse, ƙwarya, laya, da mai laifi. Kundi na gari ne, ba zan kai ba. In an tambaye ka, ka ce ni na hana."