Kiyashi a Wuyan Ƙaton Takarda

Ranar Talata da safe, saura kwana biyar bikin San Clemente, Aling Medy ta buɗe gidan abincinta da ke Angono ta tarar da firam a rataye a mazauninsa, babu zane a ciki. Shekara ashirin da biyu zanen masuntan marigayi Maestro Hilario yana jikin wannan bango, dab da ƙofar kicin. Yanzu katako ne kawai ya rage.

Kofur Divina Sarmiento ta ofishin 'yan sanda ta iso ƙarfe tara, ta samu an riga an yanke hukunci. Shugaban ofishinsu, Kyaftin Macaraeg, yana zaune gaban farantin soyayyar agwagwa yana tsotsar yatsa.

"Kin makara," in ji shi. "Mai wanke-wanke ce, Minda. Kyamarar bakin ƙofa ta nuna ta fita jiya ƙarfe biyu da ƙaton buhu."

"Wa da wa suka shigo jiya, Hepe?" ta tambaye shi, da laƙabin da suke kiran shugaban ofis.

Aling Medy ce ta amsa. "Litinin ba ma buɗewa. Mang Berting ya zo da safe ya ɗora wa ƙaton mutum-mutuminmu na biki kai. Tata Celso ya zo da rana ya yi masa fentin fuska. Sai ita."

"Mutum uku ke nan."

"Mutum ɗaya, 'yata," in ji Aling Medy. "Ita kaɗai. Sauran biyun 'yan gari ne."

Haka Angono take. Kowane lungu da ɗakin zane, kowane gidan abinci da zane-zane har saman ƙofar bayi, kuma gari ya yarda cewa hannun da ke riƙe burushi ba ya sata. In abu ya ɓata, sai a waiwaya a nemi wanda lafazinsa ya bambanta. A nan aka haifi Divina, a nan ta girma. Shekara huɗun da ta yi tana karatun binciken laifi a Manila ba su rage mata son garin ba, haƙurinta da wannan hali nasa ne suka ƙarar.

Ta sauke firam ɗin ta juya bayansa. Ba a yanka yadin zanen ba, ko zare ɗaya bai maƙale ba. An zare ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da shi ɗaya bayan ɗaya, ga su can a bakin taga an tara a ɗan farantin miya. Ta shafa saman katakon, yatsanta ya fito baƙi da maiƙo.

A tsakar gida ƙaton yake tsaye, tsayin mutum biyu, jikin gora, kan takarda, jar riga, hannaye a ƙugu yana hararar duniya. Fuskar sabuwa fil, gashin baki kamar zai motsa. Divina ta dafa rigarsa, kiyashi suka hau mata hannu. Layi suka yi daga ƙasa har wuya. Ta kakkaɓe su ta wuce.

A ofis an ce ba kama Minda aka yi ba, gayyatarta aka yi. Gayyata ce irin wadda ake rufe ƙofa da kwaɗo. Mace ce 'yar shekara arba'in daga tsibirin Samar, ruwan sabulu ya cinye mata gefen farce.

"Ate Minda, me ke cikin buhun?"

"Mayafan tebura, Madam. Duk Litinin nake kai su wanki."

"Yaushe kika dawo?"

"Uku da rabi. Na samu Tata Celso yana wanke burushi."

"Da kika zo kullewa, zanen yana nan?"

Minda ta yi ɗan murmushi. "Wata takwas ina gidan nan, ban taɓa ɗaga kai na kalle shi ba. Tukwane nake kallo."

"To, a tukwanen kin ga wani abu?"

Minda ta ɗan yi tunani. "Ƙaramar tukunyar da na goge na rataye da safe, na same ta da danshi. Kwalin sitacin da muke kaurara miya da shi kuma a buɗe. Na ɗauka tsohon ne ya dama kunu, ban ce komai ba." Ta sunkuyar da kai. "Madam, 'yata tana aji shida a gida. In sunana ya shiga takardar kotu, babu mai ƙara ba ni mabuɗin kicin a ƙasar nan."

Mai babur ɗin da ya ɗauki Minda ya ce daga ƙofar gidan abinci bai tsaya ba sai gidan wanki. Mai wanki ta ce a gabanta aka zazzage buhun, mayafai ne da tabon miya. Divina ta kai wa Kyaftin wannan, ya ɗaga kafaɗa.

"Gobe da sha biyun rana za ta je gaban mai gabatar da ƙara. Biki ya matso, Kofur. Kada ki je ki dami dattawa."

Daga nan ta wuce ɗakin zanen Tata Celso. Shi ne ɗalibin Maestro Hilario na ƙarshe da ke raye, shi ne kuma ya koya wa Divina riƙe fensir duk Asabar tana 'yar shekara takwas. Ɗakin bai sauya ba: warin man fenti, rediyo a ƙasa-ƙasa, zanuka a nannaɗe a kan kanta, kowanne fentinsa na kallon waje. Kusa da su ga kwalbar nan tasa cike da tsofaffin ƙusoshi.

"Vina," in ji shi, bai ajiye burushin ba. "Har yanzu kina zana doki kamar akuya?"

"Na daina, Tata, don dawakai su huta. Ka ji labarin zanen?"

"Na ji. Da ma ya daɗe da tafiya. Kin san shuɗin da ke saman tafkin cikin zanen nan? Ni na niƙa wa Maestro shi da hannuna. Yau launin ruwan wanki ne. Shekara goma ina roƙon Medy ta matsar da shi daga hayaƙin agwagwarta, tana cewa a nan baƙi suka fi ɗaukar hoto."

"Da za ka fita jiya, yana nan?"

"Idona ya tsufa."

"Minda za ta kwana a kulle."

Ya ci gaba da goge burushin a tsumma. "Za su sake ta. Ba su da hujja."

Divina ta fito. Zargi tana da shi, amma kyamara ta nuna Tata Celso ya fita ƙarfe huɗu da ɗan akwatin fentinsa kawai, wanda ko littafin makaranta ba zai shiga ba. Mang Berting kuwa hannu biyu yana lilo ya fita. In babu wanda ya fita da zanen, to bai fita ba. Amma an duba rufi, an duba sito, an duba ƙarƙashin tebura.

Laraba da safe ta je wurin Mang Berting. Kawunan ƙatti takwas ne a jere a rana suna bushewa, shi kuma yana zaune tsakanin tulin tsofaffin jaridu, hannu dumu-dumu da kunun sitaci.

"A'a, hukuma da kanta. In kai kike so a yi wa Hepenku, takarda ba za ta isa ba."

"Zane nake nema, Mang Berting."

"Dubi yatsun nan." Ya ɗaga su, gajeru masu kauri. "Ni in zan cire ƙusa, da rabin katakon take fitowa. Ƙarfe goma na bar gidan Medy, zanen yana nan, ita ma Minda ta ga fitata."

Divina ta sunkuya kan bokitin kunun, ta ja da baya. "Me ke wari haka?"

"Kananzir. Cokali biyu a kowane bokiti, tun zamanin kakana. In babu shi, kafin gari ya waye ƙwari sun mayar da kan ƙato gidan biki."

"Amma na Aling Medy kiyashi sun yi masa layi har wuya."

Mang Berting ya daina dariya. "Ƙatona? Wannan zagi ne, Kofur. Shekara talatin, ko kyankyaso bai taɓa leƙa aikina ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ce, "Wanke hannunka. Ɗauko tsani."

Ƙarfe sha ɗaya suka taru a tsakar gidan abincin: Aling Medy, Kyaftin Macaraeg, da Tata Celso da aka aika aka kira. Ƙamshin miyar tarwada mai tsami yana fitowa daga kicin. Mang Berting ya hau tsani, ya kwance igiya, ya sauko da kan ƙaton ya kifar da shi a tebur. Daga ciki, an manna takardu masu ruwan ƙasa daga kunne zuwa kunne, har yanzu da laima, kiyashi sun yi baƙi a kansu.

"Wannan ba aikina ba ne," in ji shi. "Ko jikana ba zai dama kunu haka ba."

Divina ta yaga takardun a hankali. Zanen ya fito a nannaɗe cikin farar takarda mai laushi, an ɗaure shi da zare sako-sako.

"Wanda ya ɗauka ya san akwai kyamara a ƙofa," in ji ta, "don haka ya bar wa ƙato ya fita da shi ranar biki. Bayan an zagaya gari da shi, a ɗakin wa ake ajiye ƙaton nan, Aling Medy?"

Aling Medy ta kalli Tata Celso, don a ɗakin zanensa ake ajiye shi. Divina ta ci gaba.

"Ya ji tsoron kada zanen ya faɗo wa mai ɗaukar ƙaton a ka, sai ya manne shi. Ya jira Ate Minda ta tafi gidan wanki, ya dama sitacin kicin a ƙaramar tukunya. Bai sa kananzir ba, don bai san ana sawa ba. Ba Mang Berting ba ne ke nan. Ɓarawon da ke sauri da reza yake yanka yadi. Wannan ya zauna ya zare ƙusoshi ɗaya-ɗaya, kuma hannunsa ya ƙi yarda ya zubar da su. Sannan ku dubi naɗin. Ni da ku da Ate Minda, fentin za mu mayar ciki don mu kare shi. Mai zane ne kawai ke barin fenti a waje don kada ya tsage." Ta juya ga Tata Celso. "Kai ka koya mini wannan, Tata. Shekara arba'in kana yi wa ƙatti fuska, ba ka taɓa tambayar mai gina su me yake zubawa a bokitinsa ba."

Tata Celso ya zauna a kujera. Bai yi musu ba.

"Ba sayarwa zan yi ba," in ji shi. "Wankewa zan yi. Wata uku na aiki, shuɗin ya dawo. Da na bar shi, shekara biyu nan gaba babu abin da zai rage."

"Na yarda."

"To kin gane ke nan, Vina."

"Na gane. Zanen ya kwana a cikin takarda mai laushi, ka ɗaure shi sako-sako don kada ya ji ciwo. Ate Minda a kan siminti ta kwana. Na zo har ɗakinka na gaya maka, ka ci gaba da goge burushi."

Kyaftin Macaraeg ya gyara murya.

"To, alhamdu, kaya ya dawo. Magana ce ta cikin gida. Medy, ba sai an rubuta komai ba, ko?"

"Haba, Tata Celso ne fa," in ji Aling Medy. "A bar shi a tsakaninmu."

"Jiya an rubuta," in ji Divina. "Shafi na sittin da ɗaya a littafin ofis, cikakken sunan Ate Minda, Luzviminda Abaigar, da kalmar sata a gefensa. Ba a goge littafin ofis, Hepe, kai ka sha gaya mana. Hanya ɗaya ce ta wanke sunan: a rubuta na gaskiya a ƙarƙashinsa. Bayan nan in Aling Medy ta ga dama ta yafe, wannan nata ne."

Kyaftin ya kalli agogo, ya kalli ƙofar kicin. Tata Celso ne ya fara miƙewa, ya ɗauki hularsa.

A ƙafa suka tafi, ta titin da bangayensa ke cike da zane. Masu shaguna suna gaishe da tsohon, yana ɗaga musu hannu. A ofis Divina ta buɗe littafin, ta miƙa masa biro, ta sa aka buɗe kwaɗon.

Minda ta fito tana gyara gashinta. Ta ga Tata Celso a sunkuye yana sa hannu, ta kalli Divina, ta gane.

"Minda," in ji tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Ban san me zan ce miki ba."

Ta daɗe tana dubansa, kamar yadda ba ta taɓa duban zanen ba.

"Da ka tambaye ni, Tata," in ji ta, "da na gaya maka kiyashi na bin sitacin nan. Kullum da su nake faɗa."

Ta karɓi jakarta, ta tsaya a kan littafin. Ba ta fita ba sai da Divina ta karanta mata sabon layin da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe.