Bencin Baya

"Wata shida, Lai'atu! Wata shida ina zaune bencin baya kamar mai ƙyanda, yanzu kuma a ce bai isa ba?"

Barnaba ne ya tare ta a hanyar rijiya, ko babur ɗin bai kashe ba. Ta sauke bokitinta ta tsaya kallonsa. Dogo ne, ga kyau, ga murya, sai dai zuciya kamar an ɗora mai a wuta.

Zuciyar nan ce ta ja masa. Saura wata biyu aurensu ya yi dambe da Habibullahi, abokin sana'arsa na kabu-kabu a tashar Gazawa, a kan fasinja guda, har ya cire masa haƙori. Dattawan majami'a suka sa shi horo. Ya ajiye jagorancin mawaƙa, ya koma benci na ƙarshe a bakin ƙofa, aure kuma sai ranar da aka ɗage horon. Wanda ya karanta hukuncin gaban jama'a kuwa Dattijo Nomau ne, mahaifin Lai'atu. Jiya wa'adin ya cika, dattawa suka ce da saura.

"Masoyiyata, mu tahi Maradi, magajin gari shi ɗaura muna auren gwamnati. Mi muke jira?"

"In bar Baba da kunya?"

"To ni ki bar ni da ita ke nan!"

"Yaya Barnaba... jikinka ne ya zamna bencin nan, zuciyarka ba ta zamna ba. Ka taɓa zuwa ka ba Habibullahi haƙuri?"

"Ni? Gaban ƴan tasha? Shi ya hwara zagina!"

"Na sani. Amma ba shi aka yi ma baftisma ba, kai ne."

Ya fizgi babur ya tafi, ya bar ta tsaye da hawaye.

Lahadi uku bencin baya ba kowa. Matan Zumuntar majami'a suka shiga yi mata kallon tausayi, irin kallon da ya fi zagi ciwo. Rannan bayan cin tuwo mahaifinta ya kira ta.

"Ɗiyata, in bai dawo ba kahin girbi, zan maida masu kayansu. Ba ni ba da ke ga hannun da bai san tsayawa ba."

"To, Baba," ta ce, kanta a ƙasa.

Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Duk watannin nan addu'arta ɗaya ce, Ubangiji ya tausasa zuciyar Baba a yi auren nan. Ranar ce ta gane ita ma gajeriyar hanya take nema. Ta durƙusa ta ce, "Ya Yesu, ka gyara shi, ko da ba ni zai aura ba." Maganar ta yi mata ɗaci a baki, amma ta maimaita ta washegari, ta sake maimaitawa, har ta zama tata.

Ranar kasuwar Gazawa tana zaune da kwalaben man gyaɗarta kusa da tasha, sai ta hango Barnaba. Ya rame. Ya jingine babur, ya nufi inuwar da ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja, ya zube gwiwa biyu a gaban Habibullahi.

"Na cuce ka. Don Allah ka yahe mini."

Habibullahi ya miƙe, ya buɗe baki ya nuna giɓin haƙorinsa.

"Haƙurinka zai maido mini wannan?"

Ji kake tas! Ya ɗauke shi da mari.

Lai'atu ta dafe ƙirji. Ta san hannun Barnaba, ta ga yadda ya dunƙule. Sai ta ga ya mayar da shi baya, ya riƙe shi da ɗayan.

"Ƙara, in bai ishe ka ba. Ni na jawo."

Habibullahi ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Can ya sauke shi a hankali, ya kama kafaɗar Barnaba.

"Tashi, kai... tashi, kana ba ni kunya. Na yahe, duniya da lahira."

Barnaba bai ma san tana wurin ba, wannan ne ya fi yi mata daɗi. Ranar ko man gyaɗa ba ta san yadda ta auna shi ba.

Ran Lahadi ya shigo da kumburarren kunci, ya zauna bencinsa ba tare da ya dubi kowa ba. Bayan wa'azi Dattijo Nomau ya tashi. Maimakon ya nufi gaba inda ake sanarwa, sai ya juya da sandarsa ya bi ta tsakiyar majami'a, yana ɗingisawa, har bakin ƙofa.

"Jama'ar Ubangiji, labarin tasha ya iske mu. Shekarata arba'in cikin bangaskiya, ban sani ba ko ni zan iya abin da yaron ga ya yi." Ya miƙa hannu. "Tashi, ɗana. Taho gaba. Na ba ka Lai'atu."

Kowa ya san abin da ya kamata amarya ta yi a irin wannan lokaci, ta ja gyale ta rufe fuska. Lai'atu ta kama gyalen, ta dubi mahaifinta riƙe da hannun Barnaba suna tahowa, alfahari ya cika mata ƙirji har ya rasa wurin zama.

Ta saki gyalen, ta toshe hanci, ta rangaɗa guɗa.